Maƙwabcina mai tutar maciji ya ja ni taron kansiloli, ku ba ni shawara

Baban Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun daren Talata nace bari in kawo shi nan ko na samu masu fahimtar da ni. Kun san ina wani ɗan ƙaramin gari a jihar Michigan ta Amurka, shekara tara kenan. Maƙwabcina wani dattijon bature ne tsohon makanike, a ƙofar gidansa akwai tuta ruwan ɗorawa da maciji ya nannaɗe a tsakiya, a ƙasa an rubuta wai kada ka taka ni. Duk shekarun nan kallon da nake masa shi ne irin mutanen nan ne da ba sa ƙaunar ganin baƙo, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu ita ma da ɗaga hannu daga nesa. To ranar Lahadi ina kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai ga shi da takarda a hannu, yace majalisar garinmu za ta zauna kan ko a sabunta kwangilar kyamarorin nan da aka kafa a mararraba masu ɗaukar lambar duk motar da ta wuce, kuma wai bayanan ba a garin suke tsayawa ba, hukumomin tarayya na iya kaiwa gare su. Nace masa ni ai ba ni da abin ɓoyewa. Sai ya kalle ni yace kai da nake jin fitar motarka kullum kafin gari ya waye, kana so wani a Washinton ya san sau nawa ta tsaya a ƙofar masallaci? Wallahi sai jikina ya yi sanyi.

Na je taron. Ɗaki bai fi ajin firamare biyu ba, kowa minti uku ake ba shi ya yi magana. Abin da ya ɗaure min kai shi ne haɗuwar mutanen, ga masu hular farauta irin maƙwabcina, ga wata mata daga coci mai taimakon baƙin haure, ga ma'aikaciyar laburare, ga ɗalibai, mutanen da na san ko jam'iyya ɗaya ba sa zaɓa amma bakinsu ya zo ɗaya. An ɗage ƙuri'a sai wata mai zuwa, yanzu yana so ni ma in tashi in yi magana. Tambayata, mutanen nan da gaske suke ko dai kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi za a yi da ni?

Auta Fagge:
Yaya ni dai ka yi a hankali, kar garin neman gira a rasa ido. Kana da takardun zama dai ko? 😂

Baban Ilham:
Hhhh Auta na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa tun shekara uku da suka wuce, ta nan ba matsala.

Barista Kd:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham abin da ka gani tsohon abu ne a ƙasar, ya girmi jam'iyyun da ake da su yanzu ma. Tushensa gyara na goma na tsarin mulkinsu wanda ya fara aiki a 1791, ma'anarsa a taƙaice duk ikon da ba a ba tarayya ba kuma ba a hana jihohi ba, to na jihohi ne ko na jama'a. Tun 1798 Jefferson da Madison, waɗanda daga baya duk suka shugabanci ƙasar, suka rubuta wa majalisun Kentucky da Virginia ƙudurori na ƙin wata dokar tarayya da ake ɗaure mutum da ita in ya soki gwamnati. Amma abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan, jiha ko gari ba su da ikon soke dokar tarayya, kotu ta sha kashe wannan maganar. Abin da suke da shi shi ne su ce ba za mu taya ku ba. A 1997 wasu sherif biyu, wato shugabannin 'yan sandan gunduma waɗanda zaɓarsu ake yi, Jay Printz daga Montana da Richard Mack daga Arizona, suka ƙi yi wa tarayya aikin binciken masu sayen bindiga, Kotun Ƙoli da alƙalai 5 cikin 9 ta ba su gaskiya, tace tarayya ba za ta mayar da ma'aikatan jiha 'yan aikenta ba. To abin dariyar, wannan hukuncin da masu bindiga suka samo shi ne yau garuruwan da ke ƙin miƙa baƙin haure ga jami'an shige da fice suke kafa hujja da shi. Shi ya sa ka ga mai hular farauta da matar coci a ɗaki ɗaya.

Hajiya Maman Sadiq:
Barista sannu da ƙoƙari amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni ina Bronx tun kafin a haifi wasunku a gurup ɗin nan, kuma abin da baƙaƙen fatar ƙasar nan da muke zaune da su suka koya min shi ne duk sanda ka ji bature yana ihun haƙƙin jihohi to ka duba bayanka. Da wannan kalmar aka kare wariyar launin fata. A 1957 a Little Rock gwamnan Arkansas, Faubus, dakarun jiha ya jibge a ƙofar makaranta don kar yara baƙaƙe guda tara su shiga aji, sai da shugaba Eisenhower ya turo sojan tarayya suka raka yaran nan har ciki. A 1963 gwamnan Alabama da kansa ya tsaya a ƙofar jami'a ya tare hanya. Waye ya ceci talaka a nan, jiha ko tarayya? Sannan maganar masallaci da ya yi maka, to mu nan wa ya bi masallatanmu da gidajen abincinmu yana rubuta wa ya shiga wa ya fita? 'Yan sandan birnin New York ne, ba na tarayya ba, sai da 'yan jarida suka tona a 2011 sannan aka rushe sashen a 2014. Azzalumi na kusa ya fi sanin ƙofar ɗakinka ɗana.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta zo da zafinta. Barista sai ka tashi tsaye 😅

Barista Kd:
Ranki ya daɗe Hajiya ban musa ko ɗaya ba, duk haka aka yi. Amma ki ba ni dama in koma baya kaɗan da shekara ɗari. Lokacin bauta, wa ke riƙe da tarayya? A 1850 majalisar tarayya ce ta yi dokar da ta ce duk bawan da ya gudu zuwa jihohin arewa a kamo shi a mayar wa ubangidansa, kuma wanda ya ɓoye shi ya yi laifi. A 1854 aka kama wani bawan Allah Joshua Glover da ya tsero daga Missouri, aka kulle shi a Milwaukee, mutanen gari suka taru suka fasa ƙofar kurkukun suka fitar da shi har ya tsallaka Kanada, kuma kotun ƙolin jihar Wisconsin tace dokar tarayyar ce ta saɓa tsarin mulki. Kotun Ƙolin ƙasa ta rushe hukuncin nasu a 1859, amma dai kin ga a wannan karon jiha ce ta tsaya wa mai rauni, tarayya ce ke farautarsa. Kuma ko bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ai tarayya ce ta sa maza daga ƙasashe 25, kusan duka na musulmi har da Sudan, su je su yi rajista a ɗauki hoton yatsunsu, sama da mutum 80,000 suka je da ƙafarsu, sama da 13,000 aka fara shirin korarsu daga ƙasar.

Hajiya Maman Sadiq:
Wannan kam na gani da idona, akwai maƙwabtanmu da suka tafi rajistar nan da safe matansu na jira da abinci ba su kwana gida ba. Ban ce tarayya waliyyiya ce ba. Cewa nake yi ya san da wa yake tafiya.

Ummu Hanan:
Ni tambayata ɗaya ce, duk wannan tarukan na minti uku-uku sun taɓa canza wani abu kuwa? Don ni gani nake kamar ihu ne bayan hari.

Malamin Tarihi:
Ummu Hanan tambayarki ita ce tambayar, bari in ba ki labari biyu ki yanke hukunci da kanki. Na farko dokar Patriot, wato dokar yaƙi da ta'addanci da ta faɗaɗa ikon gwamnati na leƙen asirin mutane, wadda shugaba Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Oktoba 2001, wata ɗaya da rabi bayan harin. A majalisar dattawa 98 suka ce eh, mutum ɗaya tak ya ce a'a, Russ Feingold na Wisconsin. A lokacin duk wanda ya buɗe baki a Washinton sai a ce ba ya kishin ƙasa, to sai abin ya koma ƙananan garuruwa, Ann Arbor da ke jihar Baban Ilham tana cikin na farko-farko a 2002, kansiloli suna zartar da ƙuduri cewa ba su yarda a taka haƙƙin mazauna garinsu da sunan tsaro ba, a hankali a hankali sai da garuruwa da gundumomi sama da 400 da jihohi 8 suka yi irinsa. Ma'aikatan laburare kuwa su suka fi kowa taurin kai, don dokar ta ba da damar a nemi bayanan abin da mutum ya karanta. A 2005 wasu huɗu a Connecticut aka kawo musu takarda daga FBI a ba da bayanan masu amfani da kwamfuta kuma aka hana su gaya wa kowa ko iyalinsu, suka ƙi, suka tafi kotu, a 2006 gwamnati ta janye. Shin ƙudurorin sun soke dokar? Ko kaɗan. Amma da Snowden, wani tsohon ma'aikacin leƙen asirin ƙasar, ya fasa ƙwai a 2013 aka gane ana tattara bayanan kiran wayar kusan kowa, ƙasar ta riga ta jiƙa, Justin Amash ɗan Rifablikan da John Conyers ɗan Dimokurat, dukansu daga Michigan, suka kawo gyaran da zai datse kuɗin shirin, ya faɗi da ƙuri'a 205 da 217, kin ga saura ƙiris. A 2015 aka yi dokar da ta hana gwamnati tara bayanan a hannunta, a 2020 kuma wa'adin sashen dokar Patriot ɗin da aka kafa hujja da shi wajen tattara bayanan ya ƙare ba a sabunta ba.

Na biyu dokar REAL ID ta 2005, wadda ta ce lasisin tuƙin kowace jiha sai ya bi ƙa'idar tarayya. Mutane suka ce wannan ai katin ɗan ƙasa ne aka shigo da shi ta ƙofar baya. Maine ta fara ƙi a 2007, Montana ta bi, wasu da yawa suka bi. An so fara aiki da ita a 2008, aka yi ta ɗagawa ana ɗagawa, sai ranar 7 ga Mayu 2025 aka fara tambayarsa a filayen jirgi. Shekara 17 suka ja, amma a ƙarshe duk jihohin sun shiga layi.

Ummu Hanan:
To ai kenan an sha kaye Malam, jinkiri kawai aka samu.

Malamin Tarihi:
A na biyun eh, ni ma haka nake gani, ko da yake wani zai ce miki shekara 17 ba wasa ba ce. A na farkon kuma sai da aka yi shekara 14 kafin a ga wani abu a takarda, da yawa daga waɗanda suka fara zuwa tarukan ma sun gaji sun bari.

Auta Fagge:
Wai katin ɗan ƙasa ne abin faɗa? Mu nan da aka ce a haɗa NIN da layin waya ai layi muka bi cikin rana har da cin hanci don a yi mana da wuri 😭

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ban gane ba, in tsarin mulki ya ce ikon tarayya ƙidayayye ne, ta yaya ta kumbura haka har ta shiga ko'ina?

Barista Kd:
Ta ƙofar kasuwanci da ta kuɗi. Tsarin mulkin ya ba tarayya ikon tsara ciniki tsakanin jihohi, to sai aka yi ta jan wannan jimlar kamar roba. Akwai wani manomi a Ohio, Roscoe Filburn, gwamnati ta ƙayyade masa ya noma alkama eka 11 da ɗan ɗori, ya noma 23, yace rarar ta gidansa ce da dabbobinsa ba kasuwa zai kai ba. A 1942 Kotun Ƙoli gaba ɗayanta tace a'a, tunda ka noma taka ba za ka saya a kasuwa ba, in kowa ya yi haka farashi zai motsa, saboda haka tarar na nan. Ka ji fa, hatsin da ke rumbunka ya zama cinikin tsakanin jihohi. Ta kuɗi kuma, da suka so kowace jiha ta mayar da shekarun sayen giya 21 ba umarni suka bayar ba, cewa suka yi wadda ta ƙi za a yanke mata kashi 5 cikin ɗari na kuɗin titi, South Dakota ta kai ƙara ta faɗi a 1987.

Kawu Na Ƙofar Mata:
Yara ina ta karanta ku tun ɗazu. Maganar Hajiya ita ta fi shiga ta, don mu mun ga irinta. Ku da kuke ta kiran a ba jihohi 'yan sanda a Najeriya, ku tambayi iyayenku 'yan NEPU abin da 'yan doka da dogarai na En'e suka yi musu a zamanin jamhuriya ta farko, mutum ya yi taro ba izini a kama shi a kai gaban alƙali kafin la'asar ya tafi gidan yari. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka haɗe su da 'yan sandan tarayya, kuma talakawa da yawa a lokacin hamdala suka yi. Yau kuma ga shi ɗan sanda ɗaya ne daga Abuja, ƙauye na ƙonewa kwamishina na jiran umarni daga sama.

Barista Kd:
Allah ya ƙara girma Kawu. Kuma alaƙar ba ta nesa ba ce, tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauka a 1979 daga Amurka muka kwafo, sai dai mun juya shi, su nasu jihohi ne suka haɗu suka yanka wa tarayya kaɗan, mu namu na 1999 abubuwa 68 ya jera wa tarayya ita kaɗai, sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce. Amma ku tuna canjin kuɗi na 2023, da mutane ke kwana a bakin ATM, ai Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai tarayya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris kotu tace tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Ummu Hanan:
Barista don Allah kar ka sa in yi dariya, gwamnonin nan don talaka suka yi ko don zaɓe ya matso? Su ɗin da suka danne kuɗin ƙananan hukumomi sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a 2024?

Malamin Tarihi:
To ai can ma haka ne, wanzami ba ya son jarfa. Lokacin Obama, Texas ce kullum a kotu tana kukan tarayya ta wuce gona da iri, da Trump ya hau sai Kalifoniya ta karɓi kukan, ta kai gwamnatinsa ƙara sama da sau 100 a zangon farko, su kuma waɗancan suka yi tsit. 'Yan siyasa kam duk wanda ba shi da Fadar White House shi ke tuna gyara na goma. Shi ya sa ni ma'aunina ga irin maƙwabcin Baban Ilham guda ɗaya ne, yana wannan maganar lokacin da jam'iyyarsa ke mulki ko sai in ta faɗi?

Ɗan Damagaram:
Kuma a tambaye shi ra'ayinsa kan mutanen Bundy. Na ga bidiyonsu, makiyayi ne a Nevada ya ƙi biyan kuɗin kiwo a filin tarayya tun 1993, da aka zo kwashe shanunsa a 2014 sai ga mutane da bindigogi sun tare jami'ai har gwamnati ta saki shanun. Nace ashe bature ma na gudun jangali 😂

Barista Kd:
Hhhh jangali kam. Suna da ƙorafi na gaske, kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Nevada a hannun tarayya take, amma hanyar ta ɓaci. 'Ya'yansa sun sake yi a Oregon a 2016, suka mamaye wani gandun gwamnati kwana 41, aka harbe ɗaya daga cikin mutanen da ke tare da su. Baban Ilham in ka ji an fara maganar fitowa da makami ko wai sherif ya fi kotu, ka ɗauki hularka ka tafi gida, kai ba za a yi maka irin sassaucin da aka yi musu ba, ka san dalili.

Hajiya Maman Sadiq:
Yauwa Barista yanzu ka yi magana.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru. Malam tambayarka na riga na samu amsarta ba tare da na yi ta ba, don matar laburaren ce ta gaya min tun lokacin dokar Patriot yake zuwa tarukan nan, kuma Bush ɗin shi ya zaɓa, har abokansa suka daina kula shi na wani lokaci. Wannan ne ma ya sa na kawo maganar, da ɗan adawa ne kawai da ban damu ba. Amma Hajiya kin sa na lura da wani abu da ban yi tunani ba, kyamarorin nan fa ba Washinton ce ta kafa su ba, kansilolinmu ne suka sa hannu da kuɗin harajinmu, shi maƙwabcin nawa duk fushinsa a kan tarayya yake, ban ji ya tambayi su 'yan sandan garin wa ke duba abin da suke yi da bayanan ba.

Hajiya Maman Sadiq:
To ka ga abin da za ka faɗa a minti ukunka kenan. Kar ka tsaya karanto musu tsarin mulki, sun fi ka haddace shi. Ka tambaye su kwana nawa ake ajiye lambar motar mutum kafin a goge, wa da wa ke da izinin buɗewa, ana rubuta sunan duk wanda ya buɗe da dalilinsa, kuma in wata hukuma daga waje ta nema sai da takardar alƙali ko waya kawai za ta bugo. Ka rubuta a takarda don minti uku ba ta da yawa, kuma kar ka je kai kaɗai, ka ɗauki mutum biyu uku daga masallacinku, da limamin in zai yarda.

Auta Fagge:
Yaya ka sa babbar riga ranar, su san da wa suke magana 😂

Baban Ilham:
Auta a wannan sanyin? Sai dai in ɗora ta kan jaket. Hajiya na kwafe tambayoyin nan huɗu yadda kika jero su, gobe bayan Juma'a zan yi wa liman magana in sha Allah. Taron Talata ta biyu ce a wata mai zuwa, ƙarfe bakwai na yamma.